Kafin ka karɓi makullin motar aro, duba takardar inshora

A Najeriya inshorar mota tana bin motar ne, ba direba ba. Don haka idan ɗan'uwa ko aboki ya ba ka aron mota zuwa biki a Zariya, inshorar mai motar ce za ta yi aiki, in akwai ta, kuma in sharuɗɗanta sun haɗa da kai.

Fara da neman ganin takardar kanta. Akwai wurin da aka rubuta waɗanda aka yarda su tuƙa. Galibi mai motar ne, sai duk wanda ya ba izini, muddin yana da lasisin tuƙi mai rai. Wasu takardun kuwa sunan mutum ɗaya ko biyu kawai aka sa. In sunanka ba ya ciki, kada ka tayar da motar. Lasisinka in ya mutu, kamfani na da hujjar ƙin biya, ko da mai motar ya yarje maka.

Sai ka tabbatar takardar ba ta bogi ba ce, domin 'yan kamasho da ke zagaye ofisoshin lasisi sun cika gari da jabu. Sa lambar motar a shafin askniid.org na ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasa. In bai nuna komai ba, ka ɗauka babu inshora. Tun 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka tsaurara binciken wannan a hanya.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne nau'in inshorar. Wadda doka ta wajabta, wato ta ɓarnar da ka yi wa wani, tun Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta mayar da kuɗinta naira 15,000 ga motar gida, tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3, tare da diyyar rauni ko rai. Amma sisi ba ta biya a kan motar da ka aro. Ka daki bayan wata mota, za a gyara tasu. Fitila, bamba da lagireton taku kuwa, kai da mai motar za ku zauna. Cikakkiyar inshora ce kaɗai ke ɗaukar wannan, ita ma akwai kason farko da mai mota ke biya daga aljihunsa. Ku yi maganar wa zai biya shi tun kafin tafiya, kunya ba ta hana rigima daga baya.

Kada ka ɗauki fasinja na kuɗi. Takardar motar gida ta hana haya, ko mutum uku ka kwasa a tasha don rage kuɗin mai, ka fita daga sharaɗi.

In tsautsayi ya faɗa, ɗauki hotuna kafin a matsar da motocin, karɓi lambar ɗaya motar, kira wanda ya ba ka aron motar nan take don shi ne zai sanar da kamfani, a kuma samo rahoton 'yan sanda. Kada ka amsa laifi a rubuce ko ka yi alkawarin biya a bakin titi; kamfanoni na ƙin biyan sulhun da aka yi ba da saninsu ba.