Yadda Ake Gano Ambaliya da Hoton Tauraron Sentinel-1

A tsakiyar damina, lokacin da aka fi buƙatar ganin ƙasa daga sama, gajimare kan tare taurarin ɗan'adam masu dogaro da hasken rana. Sentinel-1 na Hukumar Sararin Samaniya ta Turai, wanda aka harba na farkonsa a Afrilun 2014, ba ruwansa da hadari ko duhun dare, domin da rada yake aiki: yana aika igiyar rediyo zuwa ƙasa, sannan ya auna abin da ya dawo.

Da farko a san falakinsa. Yana tafiya a nisan kilomita 693 daga doron ƙasa, yana ratsawa kusa da ƙuryar arewa da ta kudu ta duniya, kuma sai ya yi zagaye 175 cikin kwana 12 kafin ya koma kan layin da ya fara bi. Kowane layi da lambarsa. Idan ya nufi arewa yakan wuce wajen ƙarfe 6 na yamma, idan ya nufi kudu kuwa wajen 6 na safe, kuma kullum gefen dama yake kallo, a karkace.

Daga nan sai a buɗe shafin intanet na Copernicus Browser, inda ake samun hotunan tauraron, a yi rajista kyauta, a zana iyakar yankin, a zaɓi Sentinel-1 da nau'in hoton GRD, wato wanda aka riga aka sarrafa ya dace da shimfiɗar ƙasa. Mai son nazarin ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024, alal misali, zai ɗauki hoton da ya biyo bayan ɓallewar madatsar Alau.

Matakin da ya fi muhimmanci shi ne zaɓen hoton kwatanci na kafin ambaliyar. Lallai ya kasance daga layi mai lamba ɗaya, a tafiya mai fuska ɗaya, domin idan kusurwar kallo ta sauya, tudu da gine-gine za su canza kama, har a zaci ruwa ya ci wurin da ko jiƙewa bai yi ba.

Sai a jera hotunan biyu. Ruwan da ya kwanta yana fitowa baƙi, saboda santsinsa na karkatar da igiyar nesa da tauraron. Amma busasshen rairayi da kwaltar filin jirgi ma baƙi suke fitowa, don haka inda ya yi duhu a sabon hoto kaɗai za a ƙidaya. Cikin unguwanni kuwa, ruwan da ke tsakanin gidaje kan fito da haske, saboda haka a tabbatar da shi daga bakin mazauna wurin.