Yadda ake sa wa wasan intanet na taron jama'a armashi tun kafin ya fito

Matasan da ke haɗa wasannin kwamfuta da na waya a Kaduna sun fara yawa, kuma da zarar ƙungiya ta ɗan iya Unity ko Godot, wato manhajojin da ake gina wasa da su, burinta sai ya koma kan babban wasa irin World of Warcraft ko RuneScape, wanda ɗaruruwan mutane ke shiga duniya guda ta intanet, kowa da jaruminsa, ana yaƙi, ana ciniki, ana kafa ƙungiyoyi. Yawanci wasan yana tashi lafiya lau. Takobi na sara, dodo na faɗuwa, kuɗi na shiga jaka. Amma wanda ya shiga ya yi minti ashirin ya fita, ba ya marmarin komawa, domin abin lami ne. Armashin irin wannan wasa daga mutanen da ke cikinsa yake fitowa. Aikin mai haɗa shi shi ne ya gina wurin da zai sa su haɗu, su buƙaci juna, su sami abin ba wa aboki labari washegari.

Fara da rage taswira

Kuskuren farko kullum shi ne faɗin ƙasa. Za a zana daji da hamada da duwatsu da garuruwa bakwai, sannan ranar gwaji mutum talatin su shigo su watsu, kowa ya yi ta yawo shi kaɗai. Ɗan wasan da ya yi minti biyar bai ga wani mai rai ba zai ɗauka wasan ya mutu, ko da akwai mutum ɗari a ciki.

Don haka ka yi lissafi da yawan mutanen da za su kasance a kan layi a lokaci guda, ka manta da yawan waɗanda suka yi rajista. In kana sa ran hamsin, gari ɗaya ya isa, da wuraren farauta uku ko huɗu kewaye da shi, ko wanne tafiyar da ba ta wuce minti biyu ba daga tsakiyar gari. Duk hanyoyin su bi ta ƙofa ɗaya ko gada ɗaya. Dubi yadda gadar kogin Kaduna ke tattara mai zuwa daga Kakuri da Barnawa da mai gangarowa daga Kawo, dole a ga juna. Sauran ƙasar da ka zana ka rufe ta, ka buɗe in jama'a sun ƙaru. Wannan ma sauƙi ne ga aljihunka, tunda ƙaramar taswira ba ta cin kuɗin saba da yawa, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da wasan a intanet, ba ta kuma cika wayar mutane.

Dandali da kasuwa: nan ne aikin yake

Wannan matakin ne ake tsallakewa, kuma shi ne ke kashe wasanni. Mai haɗa wasa yana son ya sauƙaƙa wa mutane, sai ya sa maɓalli guda na sayar da kaya, maɓalli guda na neman abokan yaƙi, maɓalli guda na tashi zuwa duk inda ake so. Kowane ɗaya daga cikinsu yana cire dalilin da zai sa wani ya yi wa wani magana.

Manyan wasanni sun bi ta nan. Kafin watan Nuwamban 2007, a RuneScape 'yan kasuwa kan taru ne a garuruwan Varrock da Falador suna shelar kayansu a akwatin hira, ana tayawa ana albarka. Da aka kawo Grand Exchange, inda kake ajiye kaya na'ura ta sayar maka, ciniki ya yi sauri amma wancan cunkoson ya watse. A World of Warcraft kuma, a Disambar 2009 aka kawo tsarin da ke haɗa ka da baƙi huɗu daga wasu sabobi ya jefa ku kai tsaye cikin kogo, inda ake shiga a rukuni a yaƙi dodanni. Ana gama yaƙi kowa ya ɓace, sau da yawa ko sannu ba a ce ba, domin ba za a sake haɗuwa ba. Su suna da miliyoyin 'yan wasa, za su iya jure wannan asarar. Kai mai mutum hamsin ba za ka iya ba.

Ga yadda za ka tsara naka. Da farko ka tara duk abin da ake buƙata kullum a fili ɗaya: ma'ajiyar kaya, maƙera, allon aike, da wurin da wanda ya mutu yake farfaɗowa. Kada tsakanin ɗaya da ɗaya ya wuce tafiyar daƙiƙa goma sha biyar. Sannan ka ba 'yan wasa damar kasa kaya da kansu. Ragnarok Online, wasan Koriya na 2002, ya yi wannan da kyau: ɗan kasuwa ya zauna a titin Prontera da allo a kansa mai ɗauke da sunan shagonsa, mai wucewa ya leƙa. Kai ma ka yi rumfuna, ka jera su layi-layi bisa sana'a kamar yadda masu gwanjo suke da nasu layin a Kasuwar Barci. Rumfa ashirin zuwa talatin sun isa a farko, kowacce da kuɗin haya na mako, don kada wanda ya daina wasa ya riƙe wuri. Ka bar mai rumfa ya rubuta sunanta da kansa, ka kuma bar ƙofar tayi a buɗe: mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka ko ya sallama. Farashi tsayayye yana kashe hira.

Na biyu, kada jarumi ɗaya ya iya komai. Sana'a biyu kacal ga kowane jarumi, wannan doka ce a wurina. Maharbi ya kawo fata, majemi ya jeme, baduku ya ɗinka kube, maƙeri ya ƙera takobin da zai shiga ciki. Kaya kuma su riƙa lalacewa a hankali, in ba haka ba bayan wata guda kowa ya mallaki takobi maƙeri ya rasa aiki. Abu ƙarami mai babban tasiri: sunan wanda ya ƙera abu ya kasance a rubuce a jikinsa. Da zarar mutane sun fara cewa takobin wane ya fi ƙarko, wasanka ya sami manyan gari ba tare da ka rubuta labarinsu ba.

Na uku, ka ba mutane dalilin zama. A Star Wars Galaxies na 2003, gajiyar yaƙi ba ta sauka sai jarumi ya je mashaya ya zauna yana kallon 'yan wasan da suka zaɓi sana'ar kiɗa ko rawa. Wannan zaman dole shi ya haifar da abota da ƙungiyoyi. A Nuwamban 2005 aka sake fasalin wasan, aka rage sana'o'i zuwa tara, tsofaffin 'yan wasa da yawa suka bar shi. Naka wurin zaman zai iya zama teburin mai shayi a bakin kasuwa: wanda ya zauna minti uku ya sha, ƙarfinsa ya ƙaru na rabin awa, in kuma mutum huɗu ne a kan benci ƙarin ya ɗan fi haka. Kada ya wuce minti uku, in ya yi tsawo ya zama horo. A sa dara a gefe, wadda mutum biyu za su buga wasu na kallo. Rubuta dara ba ya ɗaukar lokaci kamar zana sabon dodo, kuma za a fi daɗewa ana amfani da ita.

A nan masu gwaji za su yi ƙorafi cewa wasan na ɓata musu lokaci. Ka saurara, amma ka bambance wahalar da ke haɗa mutane da wadda ke raba su. Tafiyar minti goma kai kaɗai a daji ɓata lokaci ne, cire ta. Neman baduku a kasuwa kuwa shi ne wasan.

Mutanen gari su yi magana irin ta mutane

'Yan garin da kwamfuta ke sarrafawa, goma sha biyu masu hali sun fi ɗari marasa hali. Kafin ka rubuta wa kowane ɗaya magana, rubuta abu uku a takarda: abin da yake so, wanda ba ya shiri da shi a garin, da wata ɗabi'a ta bakinsa. Mai gadin ƙofa da ke bin mahauci bashi. Tsohuwa mai ƙosai da ba ta ba da aike sai an gaishe ta yadda ya kamata, in ka danna neman aiki kai tsaye ta ce, "Ɗan nan, ba sallama ba gaisuwa?" Maroƙin da ke yi wa duk wanda ya kashe babban dodo kirari da sunansa a tsakiyar kasuwa kowa na ji.

A rubuta maganar da Hausa tun daga farko. Wadda aka rubuta da Turanci aka juya ana gane ta daga layin farko. Kowace magana kada ta wuce layi biyu a fuskar waya, kuma kowane mutum ya sami aƙalla gaisuwa biyar da ke sauyawa da safe da yamma da kuma matsayin mai wasa. Sannan ka duba nau'in haruffan da ka zaɓa tun yau: da yawa ba su da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, sai ka ga ɗan akwati a tsakiyar kalma. Gwada a akwatin hira da wurin rubuta suna ma, ba a maganar 'yan gari kawai ba.

Aike irin na "kashe kuraye goma" ba laifi ba ne, laifin shi ne rashin dalili. In kurayen suna cinye awakin mai ƙosai ne, kuma bayan an gama aka ga awaki sun dawo garkenta, ya wadatar.

Wani abu da ya shafi Kaduna musamman: in za ka raba 'yan wasa gida biyu masu gaba, kada rabon ya yi kama da na addini ko ƙabila ko arewa da kudancin gari, ko a suna ko a sutura. Raba su kan sana'a ko kan gidajen sarauta na ƙirƙira.

Kama da motsi

Kada ka bi sahun zane mai kama da hoton gaske, ba ka da kuɗinsa kuma wayoyin mutanenka ba za su ɗauka ba. Zaɓi launuka kaɗan ka tsaya a kansu: jan ƙasa, shuɗin baba, farin hazon hunturu. Kowane rukunin jarumai a gane shi daga inuwarsa, ta rawani ko malfa ko kwari a baya. Abin da jarumi ke yi in an bar shi tsaye ya fi ba shi hali a kan yadda yake sara: ya gyara hula, ya kore ƙuda, ya tsuguna. Ka sa motsin gaisuwa kamar jinjina da durƙuso da tafawa tun ranar farko, kuma kyauta.

Daga nan zuwa sabar da ke Turai jinkirin saƙo kan wuce milisakan 100, wato kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, a datar waya ma ya fi haka. Saboda haka motsi da ƙarar sara su fito nan take a wayar mai wasa, sakamakon ne kawai zai jira saba. Yaƙin da ke buƙatar kauce wa sara cikin ƙiftawar ido ba na netwok ɗinmu ba ne. Sauti kuma ka ɗauko da kanka: hayaniyar kasuwa, bugun maƙera, kalangu. Waya mai kyau da wuri marar iska sun isa.

Bar wa abin mamaki ƙofa

Abubuwan da ake tunawa a tarihin waɗannan wasanni yawanci ba shirya su aka yi ba. A 1997, lokacin gwajin Ultima Online, wani ɗan wasa ya kashe Lord British, jarumin Richard Garriott wanda ya ƙirƙiri wasan, a gaban taro, domin an manta a kunna masa kariya. A Satumbar 2005 wata cuta da aka yi don kogo guda a World of Warcraft ta fita ta hanyar dabbobin 'yan wasa ta cika birane da gawa, har masana annoba suka yi nazari a kai. In kuskure ya ba mutane dariya kuma bai cuci kowa ba, kada ka yi saurin gogewa. In ya zama dole a gyara, a bar alama a wurin, ko allo ko mutum-mutumi.

Sauran

Sabon shiga a sa masa alama kusa da suna, kamar ɗan tsiron da Final Fantasy XIV ke sawa, a kuma ba tsohon da ya raka shi lada. Kogo kada ya wuce minti ashirin, kuma wanda wuta ko netwok ya yanke wa a riƙe masa gurbinsa na minti biyar. Manyan taruka a sa su bayan Isha'i ko yammacin Asabar, a kauce wa Magariba da safiyar Lahadi. Masu sa ido a hira su kasance mutane masu jin Hausa da Turancin buroka, domin na'urar tace zagi ba ta gane habaici. Wajen kuɗi, sayar da kwalliya da adon rumfa, kada ka sayar da ƙarfi. Akwatin sa'a da ake saya ba a san abin da ke ciki ba kuwa caca ce, ƙasar Beljiyam ta ɗauke shi a haka tun 2018, iyaye a nan ma haka za su ɗauke shi.

Gwajin farko a yi shi da mutum ashirin a ɗaki ɗaya, rabinsu ba su san juna ba, na awa biyu, kai kuma ka yi shiru kada ka koya wa kowa komai. Rubuta inda suka taru, inda suka yi dariya, da sunan ɗan garin da suka ambata bayan an tashi. Duk wurin da ba wanda ya tsaya a cikinsa, ko ka matso da shi kusa da kasuwa ko ka cire shi kafin gwaji na biyu.