Yadda za ka ci moriyar IT ko aikin sa kai a ƙungiyar unguwa lokacin dogon hutu

Duk shekara in dogon hutu ya matso ko lokacin fita IT, wato horon sanin makamar aiki da makaranta ke tura ɗalibai, ya yi za ka ga ɗalibai sun bazama da takardar makaranta a hannu, kowa banki yake nema ko ma'aikatar gwamnati, kuma da yawansu ƙarshenta zaman kujera suke yi wata da watanni, daga aiken sayo kati sai kai takardu wajen fotokwafi. Ni dai shawarata in kana karanta lafiyar al'umma ko aikin jarida ko kwamfuta ko akanta, ka leƙa ƙananan ƙungiyoyin nan na unguwa, masu kula da marayu, masu yaƙi da tamowa, masu koya wa mata sana'a da adashi. Ma'aikatansu kaɗan ne kuma aiki ya yi musu yawa, don haka duk wanda ya zo da gaske za a sakar masa aiki na gaske. Amma fa ba wanda zai zauna ya tsara maka abin da za ka koya, kai za ka nemo shi.

Kafin ka miƙa takarda ka ɗan yi bincike. Suna da rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi? Suna da ofis ko da shago ɗaya ne? Ka tambaye su kai tsaye wane aiki ne a hannunsu a wannan watan, in amsar ta tsaya a “muna jiran masu tallafi” to ka duba gaba. In kuma a ƙarƙashin SIWES kake, tsarin nan na tura ɗalibai koyon aiki da hukumar horar da ma'aikata ta ITF ta fara tun 1973, ka fara jin ta bakin kodinetan sashenku ko za su karɓi wajen, kar ka gama wahala a ce ba ya cikin fanninka. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom kafin ya ɗauke ka aikin sa kai, ka kama gabanka. Maganar alawus kuma ka yi ta tun ranar farko ba kunya, wasu suna ba da kuɗin mota ranar fita, wasu ko sisi, gara ka sani ka yi lissafinka da iyayenka.

Satin farko ka yi ta kallo da tambaya. Bayan nan ka samu wanda aka haɗa ka da shi ka ce, ranka ya daɗe ko Hajiya, ina so a ba ni abu ɗaya da zai zama nawa har in tafi. Ko rajistar yaran da ake bai wa tallafi ce da ke warwatse a littattafai ka mayar da ita Excel, ko shafinsu na Facebook da ya shekara ba a taɓa ba, ko rubuta rahoton wata. Wannan abu ɗayan shi ne za ka iya nunawa gobe in an ce me ka iya.

Fita unguwa kuwa nan ne karatun yake, kar ka yarda a bar ka gadin ofis. Dogon hutunmu da damina yake haɗuwa, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa suka fi kama yara, rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai iso ba. A lokacin ne ake bi gida gida da maganin rigakafin zazzaɓi na wata wata ga yara 'yan wata 3 zuwa 59, a ba yaro na ranar farko a gaban ma'aikaci, a bar wa uwa na kwana biyun da suka rage, a yi alama da alli a jikin bango. In ƙungiyarku tana awon tamowa ka nace a koya maka riƙe tef ɗin nan mai kala uku. A damtsen hagu ake sa shi, tsakiyar kafaɗa da gwiwar hannu, ba a matse shi ba a kuma sake shi. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, yaro na cikin haɗari sai asibiti, daga 11.5 zuwa 12.5 rawaya, sama da haka kore. Sannan a danna bayan ƙafafun yaro biyu da babban yatsa na daƙiƙa 3, in an ɗaga rami ya zauna to kumburi ne, shi ma ba a jira. Ranar da tef ya fara nuna maka ja, uwar tana kallon fuskarka tana jiran me za ka ce, ranar za ka gane iya magana ma aiki ne. Ba a firgita ta, ba a kuma ɗora mata laifi, a hankali ake gaya mata inda za ta kai shi da kuma cewa ana warkewa.

Shiga unguwa ma da ladabinsa. Ba a fara aiki sai an gaida mai unguwa, wani wajen har dagaci da liman, kuma ka bar manya su yi magana kai ka durƙusa ka gaishe su kawai. Namiji iyakarsa zaure, mata ne ke shiga cikin gida, shi ya sa ke 'yar IT kike da damar da abokan karatunki maza ba su da ita, ki yi sallama, ki zauna a tabarmar da aka shimfiɗa miki, ki sha ruwan da aka kawo kafin ki ɗauko takardar tambayoyi. Turancin makaranta a bar shi a ofis. Kuma don Allah kar a ɗauki hoton yaro ko mara lafiya a ɗora a WhatsApp ba izinin iyaye, wannan abu yana ƙona min rai, talauci bai cire wa mutum mutuncinsa ba. Kar kuma ka yi alkawarin da ba naka ba, in an ce yaushe za a kawo mana kaza ka ce za ka isar da saƙo.

Logbuk ɗinka, wato littafin rubuta aikin da ka yi, ka cika shi kullum da yamma tun abin yana kanka, ba ranar da aka ce malami zai zo dubiya ka zauna kana ƙirƙira ba. Ka rubuta unguwar da aka je, gida nawa, me ya ba da wuya. Ka koyi KoboToolbox, manhajar da ƙungiyoyi da yawa ke tattara bayanai da ita a waya ko ba intanet, wanda ya iya haɗa fom a ciki ya kuma tace bayanan a Excel ba ya rasa mai nemansa. In ana taron lissafin kuɗi ko rubuta takardar neman tallafi ka roƙa a bar ka ka zauna a gefe, can za ka ga yadda ake tafiyar da ƙungiya da kuɗi kaɗan.

Saura sati biyu ka tafi ka fara haɗa takardar miƙa aiki, ka rubuta inda ka tsaya da inda fayil yake, ka koya wa wani da zai ci gaba. A lokacin ne kuma za ka nemi takardar shaida a kan takardar ofis mai hatimi, ka roƙa a ambaci ainihin aikin da ka yi maimakon “yaro ne mai ladabi” kawai, in shugaban ba shi da lokaci ka rubuto masa jerin abubuwan ya duba ya gyara. Ka tabbatar an sa hannu da hatimi a logbuk da fom ɗin ITF kafin ranar ƙarshe, don in ka koma makaranta samun mai sa hannun sai ya zama aiki, yau yana ƙauye gobe yana taro a Abuja.