Yadda ake zana rashin daidaito a layin lamba

Ɗalibai masu shirin WAEC da NECO sun yi ta aiko da wannan tambaya, to ga amsar a wuri guda. Misalinmu: 3 − 2x ≥ 9.

1. Ɗebe 3 daga kowane ɓangare. Saura −2x ≥ 6.

2. Raba kowane ɓangare da −2.

3. Juya alamar, ≥ ta koma ≤. Ka samu x ≤ −3.

Hattara! A nan ne maki ya fi zubewa. Duk sa'ad da ka raba ko ka ninka da lambar da ke ƙasa da sifili, dole alama ta juya. Tarawa da ɗebewa ba sa taɓa ta.

4. Ja miƙaƙƙen layi da rula.

5. Jera lambobi daga −6 zuwa 1, tazararsu ɗaya.

6. Zana ƙaramar da'ira a kan −3.

7. Cike da'irar da fensir, domin ≤ na nufin −3 ma tana cikin amsa. Da < ce ko >, sai ka bar ta ba cikewa.

8. Ja kibiya daga da'irar zuwa hagu, inda ƙananan lambobi suke. Kar girman adadi ya ruɗe ka: −5 ta fi −3 ƙanƙanta.

9. Gwada lamba ɗaya daga ɓangaren kibiyar. Sa −4 a madadin x: 3 − 2(−4) = 3 + 8 = 11, kuma 11 ta wuce 9. Zanen ya yi.

Idan tambayar mai iyaka biyu ce, kamar −1 < x ≤ 4, da'ira biyu za ka yi: buɗaɗɗiya a −1, cikakkiya a 4. Haɗa su da layi mai kauri, babu kibiya.