Yadda ake buga hatimin suna a jikin bututun bindiga

Da farko ka duba hatimin da aka sassaƙa maka. Dole haruffan su kasance a juye, kamar rubutu a madubi, kuma ƙarfensa ya fi na bututun tauri, in ba haka ba shi ne zai lotse.

Kada ka fara da aikinka na gaske. Samo guntun ƙarfe ka gwada sau uku ko huɗu, har hannunka ya san nauyin dukan.

Sai ka zaɓi wuri shimfiɗaɗɗe mai kauri. Inda bangon bututun ya yi siriri, duka ɗaya zai iya lotsa cikinsa. Buga hatimin kafin ka shafa wa bututun launi.

Ɗaure bututun a kan katako mai tauri, ka manna tef a matsayin layi. Sa tabarau na kariya, ka tsayar da hatimin cak, ka sauke guduma sau ɗaya da ƙarfi. Sau ɗaya fa! Duka na biyu ne ke sa suna ya fito biyu-biyu, kuma gyaransa wahala ce.

Ƙarfen da ya taso a gefen haruffan, goge shi da magagari mai laushi.