Gareji cike da motoci, aljihu babu komai: kurakuran da ke cinye ribar bakanike

Akwai abin da na sha gani a garejojin Bauchi, tun daga na bakin titin Jos har zuwa na hanyar Ningi, kuma ni kaina na ɗanɗana shi shekara da shekaru kafin in gano bakin zaren. Za ka ga gareji motoci sun cika shi har bakin kwalta, yara suna kai da komo da sufana, oga bai zauna ba tun hantsi. Magariba na yi, ya wanke hannu, ya laluba aljihu, abin da ya rage bai wuce na cefanen gobe ba. Mai fili ya aiko a ba shi kuɗin haya, sai an fita neman rance. Mutumin nan kuwa ya iya aiki, kowa ya shaida. Kuɗi suna shigowa, sai dai randar ce take yoyo ta wurare da yawa, kuma yawancin ramukan mu muka huda su da hannunmu.

Ramin da ya fi kowanne girma shi ne taɓa kuɗin kayan gyara. A nan zan fi daɗewa, domin shi ya kusa tashin garejina.

Wani direban Hiace da ke jigila tsakanin Bauchi da Gombe ya kawo mini motarsa, ta yi zafi a hanya har kan silinda ya lanƙwashe. Muka yi lissafi, ya ƙirgo kuɗin kaya cif ya ba ni. Ranar kuwa aka kwantar da yarona a asibiti. Na ce bari in ɗan taɓa, gobe wani aiki zai shigo in cike. Goben ta zo, aiki ya shigo, amma shi ma kuɗin kaya ne na wani. Na ɗebi na wannan na toshe na wancan, na ɗebi na uku na toshe na biyu. Motar da za ta kwana uku ta yi mako uku a gindin dalbejiya, ƙura ta rufe gilashinta har yara suna rubutu a kai da yatsa. Da ya zo karo na ƙarshe bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, da ka gaya mini gaskiya tun ranar farko, da na san yadda zan yi da iyalina." Ya kawo igiya aka ja motar. Direbobin tasharsu da ke kawo mini aiki, ɗaya bayan ɗaya suka ɗauke ƙafa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ni kuwa na ci ladan na bar kai da gashi.

Gyaran wannan kuskure ba ya bukatar jari. Kuɗin kaya amana ne, kada su kwana a aljihu ɗaya da kuɗinka. Yanzu da buɗe asusu ya zama abu na 'yan mintoci a waya, ka ware asusu guda na gareji, ko ma ka sa mai mota ya tura kuɗin kai tsaye wa mai sayar da kayan, a kawo maka rasit. Sannan ka sayi littafi mai kauri. Kowace mota shafinta: kwanan wata, lambar mota, lambar wayar mai ita, abin da ya ce yana damunta, abin da ya bayar, abin da aka saya, abin da ya rage. In ba ka saba da rubutu ba, a cikin yaranka ba za a rasa wanda ya gama sakandare ba, ka ɗora masa. Kuma ka yanka wa kanka albashi na mako, kamar yadda za ka yanka wa ma'aikaci. Abin da ya haura wannan na gareji ne, da shi za a sayi jak, a biya haya, a tari ranar da yaro zai kwanta asibiti.

Daga nan sai ɗan'uwansa, wato ɓoye riba a cikin kuɗin kaya. Da yawanmu muna jin nauyin faɗin kuɗin aiki. Sai mu ce, "Alhaji, ba da abin da ya sauwaƙa," mu kuma ɗora wani abu a kan farashin kaya a asirce. A da can wannan yana wucewa. Yau mai mota yana tsaye a gabanka zai kira ɗan'uwansa a kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa a Kano, ko ya tura hoton kayan ta WhatsApp, cikin minti biyar ya san farashi. Daga ranar da ya kama ka, ko gaskiya ka faɗa masa gaba ba zai yarda ba. Ka faɗi kuɗin kaya yadda suke, ka faɗi kuɗin aikinka daban da bakinka, kafin ka kwance ko noti ɗaya. In kai za ka je kasuwa nemo kayan, ka faɗi kuɗin zirga-zirga a fili, babu mai hankalin da zai ƙi.

Kuɗin aikin ma ba da ka ake yanka shi ba. Zauna ka tara abin da gareji ke ci kullum ko an yi aiki ko ba a yi ba: haya, man janareto, abincin yara, kuɗin ƙungiya, harajin ƙaramar hukuma, kayan aikin da ke karyewa ko ɓacewa. A ce, misali, ya kama naira 12,000 a yini. To duk ranar da kuɗin aikinka bai haura haka ba, kyauta ka yi wa mutane aiki, ko da motoci goma ka taɓa. Ka kuma tuna tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, darajar naira ta faɗi a bayansa, farashin kayan gyara ba ya zama wuri ɗaya. Kada ka faɗi farashi daga abin da ka sani na watan jiya. Kira mai shago a gaban mai mota, ka kuma gaya masa wannan farashin na yau ne.

Gyaran canki-canka

Iyayen gidanmu a sana'a sun koyi aiki a kan Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna a wancan lokacin, wasu kuma a kan manyan motoci da taraktocin Steyr da aka haɗa a nan Bauchi. Mota mai kafireto, kunne da hanci da gogewa sun isa su gano ciwonta. Allah Ya saka musu da alheri, sun ba mu abin da suke da shi. Amma Corolla da Camry da Accord da suka cika titi yanzu kwamfuta ce ke sarrafa mansu da wutarsu. Tun 1996 kusan duk sabuwar ƙaramar motar da aka sayar a Amurka tana da soket mai ƙofa 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar bincike, kuma yawancin tokumbon da ke shigo mana suna da shi. Bakaniken da ya ƙi koyon wannan yakan koma canki-canka: a canza filogi, ba ta daina ba, a canza famfon mai, ba ta daina ba, a canza koyil. Mai mota ya kashe kuɗi sau uku, ya tafi yana faɗa wa duk wanda ya gamu da shi.

Sai dai akwai kuskure na biyu da ke biyo bayan sayen na'urar, shi ne ɗaukar lambar da ta nuna a matsayin hukunci. Lamba hanya take nuna maka. In ta nuna P0171, cewa take iska ta yi wa mai yawa a cikin injin. Dalili na iya zama tiyon iska da ya tsage, ko firikwensin iska da ƙurar hunturu ta toshe, ko famfon mai da ya yi rauni. Na ga an sayi sabon famfo alhali tsagewa ce a tiyo wadda ba ta kai tsawon farce ba. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka fara da mafi araha. Ƙaramar mita ta gwajin wuta ma tana raba gardama: batir mai lafiya a cike yana nuna wajen volt 12.6, in an tada injin ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In bai hau ba, caji za ka bincika kafin ka ce a sayi batir. Kuma ka karɓi kuɗin bincike. Awa biyu da ka yi kana bin waya aiki ne, ko ba a canza komai ba.

Akwai kuma dabarun da muka gada muna yi da kyakkyawar niyya, amma su ke dawo mana da mota. Babbarsu cire tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa kada ya tafi lagireto sai injin ya yi zafi. Mota ta yi zafi a watan Afrilu, lokacin da ranar Bauchi ke neman digiri 40, sai a ce ai wannan abin na ƙasar sanyi ne, a cire a jefar, a haɗa fanka kai tsaye. An ƙera injin ne ya yi aiki a wajen digiri 90. In an cire tamostat, injin yakan daɗe bai kai zafinsa ba, musamman da sanyin asuba na hunturu, kwamfuta ta ci gaba da zuba masa mai da yawa, mota ta riƙa shan fetur, filogi ya yi baƙi. Ainihin ciwon kuma, ko lagireto ne ya toshe, ko murfinsa ya mutu, ko famfon ruwa ya gaji, yana nan ba a taɓa shi ba. Haka zuba ruwan rijiya zalla a lagireto: tsatsa da gishirin ruwa su ke toshe shi a hankali. Haka zuba baƙin mai mai kauri, 20W-50, a kowace mota. Duba murfin man Corolla ta 2003 zuwa 2008 da ta fito daga Amurka, 5W-30 aka rubuta, wanda bai kai wancan kauri ba, domin hanyoyin man cikinta sirara ne. Man giya na otomatik ya fi haɗari: na Toyota daban, na Honda daban, na giyar CVT daban, kuma kuskure ɗaya na iya kashe giyar gaba ɗaya. Duk motar da ta dawo da ciwon da ka karɓi kuɗinsa, aikin banza za ka yi mata, ta kuma tare gurbin wadda za ta biya.

Kan kayan gyara, ka gaya wa mai mota iri nawa ne a kasuwa: sabo na asali, ɗan Baljiyam, da mai araha. Ka faɗi wanda za ka iya tsaya masa da wanda ba za ka iya ba, ya zaɓa da kansa, ka rubuta a littafi. Araha ba ta ado, amma aljihunsa ne. Tsohon kayan da ka cire kuma ka sa masa a but.

Karɓar kowace mota shi ma asara ne. An kawo maka Mercedes ko mota mai haɗin batir da fetur, ba ka taɓa buɗe irinta ba, kunya ta hana ka cewa a'a. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ka tura shi wurin wanda ya iya, zai dawo maka da Corollar matarsa. Garejin da aka sani da abu ɗaya, a ce wane shi ne na Toyota, wane na giyar otomatik, ya fi samun aiki mai tsoka, kuma kayan aikin da zai saya ba su da yawa. Motocin da suka shekara a filinka, tayoyi sun sace, kaji suna ƙwai a ƙarƙashi, ka kira masu su ku yanka rana. Haya kake biya wa wurin da suka tare.

Bashi ba sai na ja ba, hanji ne, yana cikin kowa. Ƙa'ida ɗaya ta ishe ka: kana iya ɗaga wa mutum ƙafa a kuɗin aiki, amma kada ka sayi kaya da kuɗinka ka bar mota ta fita.

Yaran gareji

Uba zai riƙo hannun ɗansa ya kawo maka, ya ce, "Oga, ga amana." Kuskurenmu shi ne mu mai da yaron ɗan aike shekara uku, sayo abinci, miƙo sufana, sannan rana ɗaya mu bar masa birkin motar mutane mu tafi ɗaurin aure. Ka koya masa da tsari, ka sa shi ya yi a gabanka, kuma kada mota ta fita sai ka bi notin taya da birki da hannunka. Ka ba shi na abinci da na sabulu kullum, ka ƙara masa in ya fara kawo kuɗi. Yaron da yunwa ke ci shi ke zuƙe fetur a tankin mai mota ko ya ɓoye sufana, kuma sunanka ne zai ɓaci. Ka hana su fita yawo da motar mutane da sunan gwaji. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai, ko a kan bulo da aka jera. Jak yana sacewa, bulo yana fashewa. Ƙafafun ƙarfe na tokare mota, mai walda na unguwarku zai haɗa maka su da ƙarfe mai kauri, kuma ko nawa suka ci ba su kai ƙafar ɗan mutane ba. Tsohon baƙin mai kuma a tara shi a durom, akwai masu saye, ya fi a zubar a kwata damina ta kwashe shi zuwa rijiyoyin maƙwabta.

Sai ranar ba da mota. Yawancinmu muna miƙa makulli da sitiyari duk baƙin mai, kujera da shatin wando. Shimfiɗa tsohon buhu mai tsabta kafin yaro ya zauna, a goge sitiyari da hannun giya. Ka tsaya minti biyar ka nuna wa mai ita abin da aka canza, ka gaya masa abin da ka gani wanda bai kai a taɓa ba tukuna: "Hajiya, birkin baya zai kai ki wata biyu, amma kada ki wuce haka." Ka rubuta a shafinta. Bayan kwana uku ka kira ka tambaya yaya motar. In wata biyun sun cika, ka buɗe littafi, ka sake kira.