Yadda ake gano tarihin ƙaramin filin jirgin da ya horar da matuƙa a Yaƙin Hitila

Ni dai da taswirar tauraron ɗan'adam nake farawa. Buɗe ta, ka leƙo filin daga sama. In ka ga titunan jirgi uku sun haɗu sun yi kusurwa uku, ko da ciyawa ta cinye biyu, to akwai magana. Haka aka shimfiɗa filayen horo da yawa a Kanada da Amurka, don jiragen koyo ba su da nauyi, iskar gefe na iya kifar da ɗalibi. Ko ta ina iska ta juyo, akwai titin da zai fuskance ta.

Sai ka nemo tsohon sunan wurin. Nan na taɓa shan wahala: mako guda ina laluben sunan yanzu, ashe a takardun soja lamba ce da shi. Ɗauki filin Terrell, gabas da Dallas a jihar Texas. A 1941 shi ne makaranta ta 1 cikin makarantun da aka buɗe wa Birtaniya a Amurka, kuma kafin a rufe ta a 1945 samari fiye da 2,000 sun koyi tuƙi a can. 'Yan farko ta Kanada suka shigo cikin kayan gida, domin Amurka ba ta shiga yaƙin ba sai Disamba.

Tsofaffin hotuna ma suna magana. Jirgi mai fukafukai biyu, ɗaya bisa ɗaya, irin Stearman, na 'yan koyo ne. Jirgin Harvard kuwa sai wanda hannunsa ya faɗa. In ka ga wani akwati mai guntayen fukafukai a cikin ɗaki, Link ke nan, na'urar koyon tuƙi a ƙasa: a rufe ɗalibi ciki ruf, ya tuƙa da agogunan gabansa kaɗai.

Amma kada ka tsallake maƙabartar garin, a ganina ta fi komai faɗin gaskiya. Hatsari a wurin horo ba baƙon abu ba ne, kuma inda ɗan Birtaniya ya faɗi nan ake binne shi. Akwai kaburbura 20 na mutanen Birtaniya a Terrell. Kwafi suna da ranar mutuwa daga jikin dutsen, ka duba rajistar hukumar kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel a intanet, sannan ka nemi jaridar garin ta wannan makon. Galibi a nan za ka ji irin jirgin da gonar da ya faɗa.